Yaron da Na Ce an Kashe

Ni tela ne, ubana ma tela ne. Kakana ya zo Jalingo daga Zariya da kan keken ɗinki naɗe cikin bargo. Bokona ya tsaya a firamare, don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri. Shagona yana unguwar Sintali, ƙofarsa na kallon layi. Shekara da shekaru ina zaune a bakin ƙofar nan, ƙafa na taka keke, ido na bin mutane. Ina da son ganin abin da bai shafe ni ba, ina kuma da son a ce ni na fara sani. Akwai wani aibin na uku, amma yana cikin labarin, za mu iske shi a gaba.

Sai na fara da abin da ba na son tunawa, don in ba shi, ba za a gane haukan da na yi daga baya ba.

Shekarun baya akwai wata mata a gidan haya bayan shagona. Bayan ta haihu sai ta canza. Ba ta barci, tana magana ita kaɗai. Wata rana da hantsi ta tsaya a ƙofar shagona da jaririn a hannu, ta riƙe shi kamar ƙullin wanki, ta ce mini, “Baba tela, wannan ba nawa ba ne, an musanya mini.” Na ce da mijinta iska ce, ya nemo rubutu. Da yamma kuma na mayar da maganar abin hira a majalisa, har ina kwaikwayon muryarta ana dariya. Kwana shida bayan nan aka fito da jaririn daga rijiyar gidan.

Aka kama ta. Aka kira ni shaida, na sa babbar rigata ta Sallah na tafi kotu kamar mai zuwa ɗaurin aure. Aka ɗaga shari'a. Aka sake ɗagawa. Tana gidan yari tana jira, ƴarta ta fari da ta bari tana rarrafe har ta shiga makaranta ba a yanke hukunci ba. Daga ƙarshe likita ya ce ciwo ne da ke kama kan wasu mata bayan haihuwa, kuma yana da magani in an kai su da wuri. Alƙali ya sa a tsare ta inda za a duba ta. Ranar na dawo gida ban iya cin tuwo ba. Na yi wa Allah alkawari in na sake ganin alama ba zan yi shiru ba.

Alkawarin mai kyau ne, amma ban haɗa shi da hankali ba.

To, bara waccan wani Bafulatani ya kama gidan da ke jikin nawa. Aikinsa bin motar shanu zuwa kudu, sai ya yi mako uku ba a gan shi ba. Matarsa yarinya ce doguwa, ba ta da yawan magana, da ɗansu na fari wanda ya kusa shekara biyu. Yaron nan Allah ya ba shi maƙogwaro. In ya fara kuka da safe, har ladaninmu ya taɓa cewa zai ajiye lasifika ya ɗauke shi aiki. Na saba da kukan har ya zame mini agogo.

Wata Litinin ban ji kukan ba. Talata shiru. Laraba shiru. Uwargidana ba ta nan, tana Kachalla Sembe wajen ƙanwarta da ta haihu, don haka ba wanda zai ce mini in kama kaina. Laraba da yamma yarinyar ta zo karɓar zanen da na yi mata kalmasa, bayanta ba goyo.

Na ce, “Ina mutumina? Kwana uku ban ji kiran sallarsa ba.”

Ta kau da kai, ta ja mayafi ta rufe baki.

“Yana lafiya dai?”

Ta karɓi zanenta ta ce, “Sai an jima, Baba tela.” Ta tafi abinta.

Alhamis bayan sallar asuba na biyo ta lungun bayan gidansu, inda katanga ta zube. Gari ya fara haske. Na hango ta durƙushe gindin katanga da fartanya, tana mayar da ƙasa cikin rami, zanen goyon yaron yana gefe. Ta daddana wurin da tafin hannu, ta ɗora dutse.

Tsoro ya kama ni. Amma tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗe ta duka: ƙarƙashin tsoron nan akwai wani ɗan daɗi, cewa wannan karon ni na gano. Ban shiga gida na sha koko ba. Ban nemi mai unguwa ba. Ban buga wa matata waya ba, ga wayar a aljihuna da kati a ciki. Na tari keke-napep sai ofishin ƴan sanda.

Wadda aka ba aikin wata sajan ce, mace mai jiki, irin mutanen kan dutsen nan namu, Hausarta ta kasuwa. Ta zo da mutum biyu, suka tone ramin, rabin Sintali na leƙe ta katanga. Ba su sami komai ba sai jiƙaƙƙiyar ƙasa mai tsami da tururuwa. Ɗaya daga cikinsu ya ce wataƙila ta ji motsi ta canza wuri. Ni kuma na gyaɗa kai kamar wani masani. Aka tafi da ita.

A ofis aka zaunar da ita a benci, maza cike da wurin, ni ma ina tsaye ina jira a rubuta bayanina. Sajan ta ce, “Yaron nan ɗanki ne?”

Yarinya ta sunkuyar da kai.

“Mene ne sunanshi?”

Ta ƙara jan mayafi.

“Ina yake?”

Can ƙasa-ƙasa ta ce, “An tafi da shi.”

“Wa ya tafi da shi?”

“Su.”

“Ina?”

“Daji.”

Aka buga lambar mijin ta fi sau goma, a kashe. Sajan ta ce, “Kina sonshi kuwa?” Sai yarinyar ta yi wata ƴar dariya ta ɓoye fuska a gwiwa. Sajan ta ajiye biro ta dube ni. “Baba, ka gani? Yarinya nan bai yi kuka ba ko ɗaya. Dariya ma yana yi.” Ta ce za ta riƙe ta zuwa Litinin. In ba a ga yaro ba, fayil zai tafi sama, daga can kotu. “In ya tafi, ba hannuna kuma. Maganan kisa, ba beli a nan.”

Nan ne daɗin ya fara barina, don ni na san abin da ke bayan wannan Litinin ɗin. Na ga wadda ta shiga ta ƙofar nan, na kuma san shekarun da ta yi tana jira.

Juma'a da safe uwargida ta dawo, labari ya riga ya kai mata har Kachalla Sembe. Ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a ƙofar shago, hannu a ƙugu.

“Malam, ƴaƴa nawa na haifa maka?”

Na ce bakwai.

“Nawa na yaye?”

Na ce bakwai.

“Da na yaye babbansu, ina aka kai shi?”

Sai na tuna. Wajen uwata aka kai shi, ya yi wata guda.

“To tun watan jiya yarinyar nan ta gaya mini surukarta za ta zo ta ɗauke shi yaye. Abin da ka ga tana binnewa nono ne. Ƙirji ya cika ya yi tauri, dole ta tatse, su kuma ba sa zubar da shi inda za a tsallaka. Kai da kake leƙen katangar mutane da asuba, ba ka ga ƙwarya ba?”

Na ce ban lura da ƙwarya ba. Na ce to me ya hana ta faɗa?

“Ɗan fari ne, Malam! Kuma sunan surukinta ya ci. Bafulatana za ta kama sunansa gaban maza? Ta ce ɗanta ne, tana sonsa? Ko ni Bahaushiya, ka taɓa jin na kira sunan babban ɗanka? Shekara talatin da wani abu ‘wancan’ nake ce masa, kana zaune kana ji.”

Wallahi ina ji. Ban taɓa tunanin abin zai bi mace har gaban ƴan sanda ba.

Muka tafi ofis tare. Uwargida ta yi wa Sajan bayani tiryan-tiryan. Sajan ta saurara, ta ce ta yarda zai iya zama haka, su ma suna da nasu al'adun, amma ita ba za ta rubuta al'ada a fayil ba. “Mama, kawo mini yaro da rai, in gan shi da ido.” Aka bar uwargida ta shiga wurin yarinyar ita kaɗai da kwanon abinci. Da ba maza a wurin sai baki ya buɗe. Rugar tana can bayan Sunkani, amma damina ce, sun ɗaga daga inda ta sani, ita ma ba ta san inda suka sauka ba. Kuma ba a gaya wa uwa, don kar kewa ta sa ta bi sawu.

Asabar da sassafe muka hau mota zuwa Sunkani. Uwargida ta zuba goro da gishiri da sukari a wata jakarta shuɗiya, don ba a zuwa ruga hannu sake. Duk hanya ba ta yi mini magana ba, sai direba take ba labari. “Ka ga wannan? Babban ɗan sandan ciki ne. Ka yi tuƙi a hankali kar ya rubuta ka.” Mota duka ta ɗauki dariya, ni ina kallon gonakin masara.

A Sunkani na ce mu nemi ardo. Ta ce in zauna gindin bishiya in riƙe bakina. Ta nufi inda masu tallar nono ke zaune, ta sayi kindirmo, ta zauna tana sha tana hira. Kafin ta ga gindin ƙwaryar ta san wace tsohuwa ce aka kawo wa jika daga gari, wanda kukansa ke hana maruƙa kiwo. Na ce shi ne, ko shakka babu.

Ƴan acaɓa biyu suka kai mu har inda hanya ta ƙare, sauran muka taka cikin laka. Takalmina ɗaya yana can har yau. Da azahar muka isa: bukkoki biyar, yara na wasa a gefe, tsohuwa zaune a tabarma tana gyaran ƙwarya. Muka gaisa da Fillanci, jam, jam, har na gaji. Da uwargida ta kawo maganar yaro, sai fuskar tsohuwa ta rufe. Baƙi daga gari, suna maganar ƴan sanda, suna neman yaro? Ta ce, “Ba yaron gari a nan. Duk namu ne.”

Uwargida ta yi rantsuwa, ta yi magiya, tsohuwa ta ce ita ba ta san mu ba. Ni kuma ina kallon yaran. Su shida ne, kai duk a aske, ciki duk a gaba, laka ta mayar da su iri ɗaya. Fuska ba zan iya rantsewa ba. Amma ɗinkina ko a cikin duhu na san shi.

Na ce, “Dada, ga shi can. Mai riga shuɗiya. Ki juya shi, bayan rigar kore ne.”

Ta ce, “Kowa na da ido, Kaɗo.”

“Ki duba ciki, wajen kafaɗar hagu. An haɗa da jan zare, don shuɗin ya ƙare mini. Ni na ɗinka.”

Ta kira shi, ta juya rigar, ga jan zare. Ta dube ni. “To me ya sa gaba daban, baya daban? Surukata ta ce yadi bai isa ba, tela ya taimaka mata da ƙyalle.”

Ga aibin na uku da na ce za mu iske. Yadi ɗaya da rabi yarinyar ta kawo gabanin ƙaramar Sallah, kuma ya isa har ya yi saura. Na yanke rabi na ajiye, na cike bayan da koren ƙyalle, na ce mata ban caje ta ƙarin ba. Ta yi godiya, washegari har ta aiko mini da kindirmo. Duk wannan na faɗa da bakina a tsakiyar ruga, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Tsohuwa ta ce, “Ina rabin?”

Sai idona ya sauka kan jakar da ke cinyar uwargida. Ita ma ta duba. Tsohuwa ta miƙa hannu ta karɓi jakar, ta kara ta da gaban rigar yaron. Iri ɗaya, har zanen.

Uwargida ta ce, “La'ilaha illallahu! Malam, tsarabar da ka ce ka yi mini don ƙauna?”

Matan ruga suka fashe da dariya, wata har da faɗuwa kan ƴar'uwarta. Tsohuwa ta yi dariya har ta share hawaye. Ta ce yanzu ta yarda maƙwabci ne, don baƙo ba zai yi tafiyar nan ya zo ya tona wa kansa asiri ba.

Amma ba ta yarda a tafi da yaron ba. Kwanansa shida, ya fara karɓar fura, jiya ne ma ya fara barci ba kuka. In ya ga uwarsa yaye ya lalace, wahalarta ta tashi a banza. Ta ce a gaya wa ƴan sanda su zo su gani, ko su jira wata ya cika.

Sai na zauna a ƙasa gabanta na ba ta labarin matar rijiya. Ban rage komai ba, har dariyar majalisa. Na ce, “Dada, waccan ta aikata, ciwo ne ya sa ta, duk da haka ta yi shekaru kafin a saurare ta. Wannan ba ta yi komai ba. In Litinin ta yi, takarda za ta wuce inda ni da ke ba mu isa ba. Kafin a gane gaskiya yaron nan zai iya fara bin shanu. Ni na kai ta. Ki taimake ni in fito da ita.”

Ta ajiye ƙwaryarta. Can ta ce za ta je, amma ita ba za ta shiga gidan ƴan sanda da jika a baya ba, abin kunya ne. Uwargida ma ba za ta goya shi ba, don in ya ji bayan mace zai tuna. “Kai ka kai uwar, Kaɗo. Kai za ka kai ɗan.”

Muka kwana a ruga, Lahadi da safe aka ɗora mini shi, uwargida ta ɗaure ni da zane tamau har numfashi na yi mini wuya. Na ce a mota ai sai in riƙe shi a cinya. Tsohuwa ta ce a'a. Haka na shiga Jalingo, da furfurata da hulata, goye da yaro yana tsala ihu a kunnena. Kafin mu kai ofis ya jiƙa mini baya sau biyu. Masu keke na rage gudu suna cewa, “Baba, barka da arziki! Yaushe suna?”

Sajan na ganinmu ta dafe tebur tana dariya. Da ta huce ta ce, “To, yaro na gani. Amma yaro da yawa a duniya. Yaya zan sani na shi ne?” Ta sa aka fito da yarinyar.

Ta fito ta rame, ido ya faɗa. Tana ganin surukarta ta durƙusa ta gaishe ta, ta juya fuska ga bango. Ko kallon inda yaron yake ba ta yi ba. Aka kwance shi daga bayana aka ajiye a ƙasa. Ya yi tsit, ya dubi takalman ƴan sanda, ya dubi benci. Sai ya ga zanen da ya sani. Ya kwasa da gudu ya faɗa bayanta, ya ƙanƙame wuyanta yana wani kuka daban, ba irin na safe ba.

Ba ta juyo ba. Fuskarta na bango, kamar ba ita ake riƙe ba. Amma daga inda nake tsaye na ga hannunta ya zagayo ta baya a hankali, ƙarƙashin mayafi, ya kama ɗan ƙafarsa ya riƙe gam. Gaban rigarta kuma ya jiƙe sharkaf.

Sajan ma ta gani. Ta ce, “Ni ma na haifa huɗu.” Ta shiga wurin ogansu da fayil, ta fito ta ce kowa ya sa hannu ya tafi gida. Ni ta tsayar da ni. Ta ce kawo rahoto ba laifi ba ne, gara a kawo a duba da a yi shiru a yi asara. “Amma Baba, kana da mata mai hankali a gida. Tambaye shi tukuna, kyauta ne.”

Yaye dai ya lalace, tun a cikin keke yaro ya koma bakin aikinsa a ƙirjin uwarsa. Tsohuwa ta kwana biyu tana yi mini tsiya, ta koma da jakar shuɗiya a matsayin tara. Da mijin ya dawo na je na durƙusa na ba shi haƙuri, ya yi mako biyu ba ya amsa sallamata, daga baya ya sauko. Yarinyar ce na kasa haɗa ido da ita. Kwana uku ta yi a tsare bayan kantar ƴan sanda saboda bakina, kuma har yau akwai masu nuna ta a gidan biki, su ce ga wadda aka taɓa kamawa. Wannan ba abin da zan iya warwarewa ba ne. Na sayi yadi na ɗinka wa yaron riga, gaba da baya iri ɗaya, na ba uwargida ta kai, da ragowar ƙyallen a naɗe a sama. Tun daga nan kowa na karɓar ragowarsa a shagona, ko da faɗin tafin hannu ne. Abokan sana'a sun ce na ɓata musu kasuwa.

Matar rijiya kuwa, na nemi inda ƴan'uwanta suke na je. An ce ta samu sauƙi, tana shan magani, tana saƙa hula. Na aika da atamfa da gaisuwa. Ban sani ba ko ta tuna ni.

Bayan wata biyu, wata yamma ina cikin yanka, sai na ga inuwa a ƙofa. Yarinyar ce, da goyo. Ta tsaya gefe, mayafi a baki kamar kullum, ta gaishe ni. Sannan ta ce, “Baba tela, gobe za a zo a tafi da wancan.”

Na ce Allah ya sa a yi a sa'a.

“Za ka ji shiru kwana talatin. Kuma zan tona rami da safe.” Ta ɗan dakata, idanunta na dariya a saman mayafin. “Na ce in gaya maka da wuri, kar ka wahalar da Sajan.”

Daga cikin gida na jiyo uwargida ta saki muciya tana dariya har da tari.